Na Wanke Wa Jar Saniya Ɗanta da Sabulu

Ni ba mai yawo ba ce. Madawa sau uku na taɓa zuwa, Tawa sau ɗaya, kuma ko a can ina zaune gidan biki hankalina yana wajen tukunyata da kajina. Abin da Allah ya rage mini a ƙafa ya cika mini a baki da kunne. Ina tsakar gida ina tsince hatsi, amma in moto, babur ɗin nan, ya wuce bayan katanga na san na wane ne, in anka fara daka can unguwar gabas na san hannun wace ce, har in tana fushi da mijinta ina ji a taɓaryar. Lekol, makarantar boko, aji uku na yi na bari. Garinmu yana tsakanin Karofane da Buza, ƙarƙashin dutse, kuma a nan duk abin da zan faɗa ya faru, a ranin shekarar da ta wuce waccan.

Muna da jar saniya irin ta Azawak, mai ɗan tozo da ido kamar an sa mata kwalli. Malam, maigidana, shi ya saye ta tana karsana, don haka tashi ce. Amma ni ke tatsarta safe da marece shekara da shekaru, ni na san inda take son a sosa mata, ni na san kukanta na yunwa da na ƙishirwa da na neman magana kawai. Da nononta nake dama hurar gidan nan. Malam in ya sha hurar wani gida sai ya dawo ya ce ruwa anka ba shi.

Yadda muke tatsa kuwa, kowa ya sani. A kwance maraƙi ya ruga ya kama nono, ya tsotsa, ya yi ta dukan hantsar da kai. In an ga kumfa a bakinshi sai a janye shi a ɗaure gaban uwar, tana lasarshi ina tatsa, in na gama in bar mishi rabonshi. Haka na ga uwata tana yi, haka na yi. Ban taɓa tambayar dalili ba.

To a wannan rani ɗanta na uku, ɗan wata biyu, ya kamu da zawo. Malam ya kai shi wajen likitan bisashe, anka yi allura, anka ba da magani, abin bai yi ba. Da munka ga ya fara sanƙarewa sai anka yanka shi. Ni ban ci naman ba.

Da marece na ɗauki ƙwarya na tsuguna kamar kullum. Hantsa ga ta nan cike, tana sheƙi. Na ja, na ja, na samu abin da bai cika finjalin shayi ba, daga nan shiru. Jar kuwa ba ta ma san ina wurin ba. Kanta yana wajen turken ɗanta, tana wani kuka mai tsawo wanda ban taɓa ji a bakinta ba.

Da safe Malam ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya.

"Nonon yana nan," ya ce. "Ga shi kamar tulu. Rowa ce kawai."

"Malam, ɗanta take nema."

"Ni ma ɗan nata nake nema, ai ban hana kowa komai ba. Bari ki gani."

Ya kira ƙannenshi biyu. Anka sa mata dabaibayi, ɗaya ya riƙe ƙaho, ɗaya ya riƙe wutsiya, Malam yana tsaye da sanda yana ba da umurni da muryar nan tashi da ake ji har bakin rijiya. Maƙwabta sunka leƙo ta katanga, kowa da shawararshi. Wani ya ce a ɗaure mata ido, wani ya ce a hura mata iska a kunne. Ni ina ƙasa ina ja. Ko finjalin jiya ban samu ba, sai kashin da ta zuba mini a gefen zani.

Da anka watse Malam ya zauna kan turmi yana share zufa. Ba mugu ba ne, a gane ni. Harawa ta kusa ƙarewa a kan rumfa, dusa sai an saya, damina kuwa da sauran tafiya.

"Saniyar da ba ta ba da nono ba za ta ci harawa har ruwa ya sauka ba," ya ce. "Kasuwar Buza saura kwana huɗu. In ba ta saki ba, da ita zan tahi."

Na ɗauki ƙwaryata na shige ɗaki.

Gidan da ke jikin namu na wata tsohuwa ce, duk unguwa Inna muke ce mata. Kakanninta sun yi kiwo can arewa wajen Abzinawa kafin su sauko su kama noma, kuma ko da ba ta da ko akuya yanzu, in saniya ta yi tari a garin nan ita ake fara tambaya. Washegari na same ta tana kaɗa auduga.

"Na ji hayaniyarku jiya," ta ce. "Na ce ko ɓarawo kunka kama."

Na ba ta labari. Ta ce, "Ina fatar ɗan?"

"Tana kan rumbu, Malam ya shanya zai kai wa majemi."

"Sauko da ita, ɗiyata. Ki cusa mata ciyawa ki ɗinke, ki sa mata itace huɗu ta tsaya. Ki aje gaban uwar lokacin tatsa. Haka tsohinmu ke yi in ɗa ya mutu. Sannan ki yi shiru."

"Ɗinkin ba wuya, Inna."

"Na sani. Shirun ne na ce Allah shi taimake ki."

Na sa doguwar sanda na sauko da fata. To ku da kuke karatun nan, ku tuna fata ce ta ɗan da zawo ya kashe, ta kwana biyu a ranar bazara. Da na buɗe ta ƙudajen garinmu gaba ɗaya sunka zo gaisuwa. Ni kuwa mace ce da ko tabarmar baƙo in ya tashi sai na kakkaɓe na shanya. Na ce wannan abu ba zai tsaya kusa da ƙwaryar nonona haka ba. Na jiƙa ta ta yi laushi, na kawo sabulu da soso, na wanke ta ruwa uku, ciki da waje, har cikin kunnuwa. Da ta sha iska na shinshina na ji da ɗan saura, sai na ɗora ta bisa kaskon turaren wuta, irin mai kyau da nake ajiya don salla.

Daga nan na zauna na ɗinka. Ba yabon kai ba, ɗinki ya yi. Na cusa ciyawa har cikinshi ya fito kamar na ɗan gata, na gyara wuya, na miƙe wutsiya. Wajen ido na ga ramuka biyu suna ba ni tausayi, na ciro maɓallai baƙaƙe daga wata tsohuwar riga na ɗinka mishi. Da na tsayar da shi tsakar gida, kajina sunka kewaye shi da ladabi.

Da marece na kai shi. Jar ta hango shi daga nesa ta yi wani ƙaramin gunji a maƙogwaro, irin wanda take yi wa ɗanta kaɗai, ta ja igiya har turke ya motsa. Na aje mata shi. Ta sa hanci a bayanshi, ta tsaya. Ta sake sa hanci a wuya. Ta yi atishawa. Ta ja da baya ta dube shi, ta dube ni, sannan ta sa ƙaho ta ɗaga shi ta jefar. Ya faɗa cikin kwandon tukwane, ƙafafu sama, ido ɗaya yana lilo a zare.

Saura kwana biyu kenan.

Da hantsi ina zaune ina gyara mishi idon sai na ji moto ya tsaya ƙofar gida, na san na ƙanwata ne, don nashi tari daban. Ita ce autarmu. Ita ta yi karatun da ban yi ba, yanzu ungozoma ce a likitar Buza, wato asibiti, ta karɓi haihuwar rabin yaran ƙasar nan. In ta samu hutu takan zo ta ci tuwona ta ce gishiri ya yi yawa. Ta shigo da sallama, ta ga abin da ke kan cinyata, ta aje jakarta a hankali.

"Yaya, wa ya haifa miki wannan?"

Na ba ta labari tun daga farko. Da na kai wajen turare sai ta zauna ƙasa dirshan, ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa. Na bar ta ta gama.

"In kin ƙare, likita, ki faɗa mini. Nono yana ciki, ina ganinshi. Ramin fita yana nan. Ina ja. Me ya hana shi fitowa? Malam ya ce rowa ce."

"Ba rowa ba ce. Ita kanta ba ta da iko a kai. Ko tana so ta ba ki, sai an aiko."

"Wa zai aiko?"

Ta share hawaye ta ce in kawo mata ruwa tukuna. Sannan ta ce jikin saniya, da nawa, da na Malam, duk an gina su da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kowace kamar ɗaki da mai ɗakin a ciki. Ba su da baki, ba su da kunne, amma yini suke suna aike wa juna.

"Ba baki ba kunne? To wace irin zama ce wannan?"

"Irin wadda ba za ki iya ba. Da sinadari suke aike. Wannan ta saki ɗan wani abu, ya tahi ya taɓa waccan, waccan ta san abin da ake so ta yi."

Ta ce in maraƙi ya kama nono, jijiya ke kai labari sama wajen ƙwaƙwalwa, nan take, kamar an buga waya. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar akwai wani ɗan abu ƙarami, shi zai saki sinadarin cikin jini. Ta faɗi sunanshi da Faransanci, ositosin. Jini ya ɗauke shi ya kai ko'ina, ƙafa, wutsiya, hanta, duk inda jini ke zuwa.

"To ai sai wutsiya ma ta kawo nono."

"Wutsiya ba ta da ƙofarshi. Kowane saƙo da irin ƙofar da yake shiga. Ƙwayar da ba ta da ƙofar, zai wuce ta ko sannu babu."

Na yi tunani na ce, "Kamar in na kira kajina. Duk unguwa ana ji, amma nawa kaɗai ke zuwa."

"Da na maƙwabta masu kwaɗayi. Amma kusan haka ne."

Ta ce a cikin hantsa nono ba a tulu ɗaya yake ba kamar yadda Malam ke zato. Yana cikin 'yan jakunkuna ƙanana da ba su ƙirguwa, kowace an naɗe ta da ƙwayoyi kamar yatsun hannu. Su ke da ƙofar. In saƙo ya iso sai su matse gaba ɗaya, nono ya gangaro. Ɗan finjalin da nake samu, wanda ya riga ya sauko yana jira a zaure ne. Sauran yana can cikin ɗaki, kuma ko zan ja har gobe ba zai fito ba.

"Kuma saƙon ba ya daɗewa, Yaya. 'Yan mintoci ne jiki ya share shi. Ba ki lura ba, in wata ta leƙo ta katanga kunka tsaya gulma tsakiyar tatsa, in kinka dawo sai ki ga nono ya ɗauke?"

Na lura. Shekara da shekaru ina cewa bakin matar ne.

Sai wani abu ya faɗo mini. Lokacin da nake goyon ɗana na fari, munka je suna a Babankatami, na bar shi wajen uwar mijina. Ina zaune cikin mata wani jariri ya fasa kuka can ƙuryar ɗaki, ba nawa ba, ban ma ga fuskarshi ba, sai na ji ƙirjina ya yi tsam, kafin in ankara gaban rigata ya jiƙe. Na yini rungume da gyale. Na faɗa wa ƙanwata.

"Shi ne," ta ce. "Ke da Jar saƙonku ɗaya. Kunnenki ya ji, ƙwaƙwalwa ta aika, ba ta tsaya tambayar ɗan wa ne ba. Kuma shi ke matse mahaifa wajen naƙuda. Akwai shi a kwalba, muna yi wa mai haihuwa allurarshi in da bukata."

Na matso kusa da ita. "Auta. 'Yar uwata. Wa ya goya ki?"

"A'a."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na ji abin da ba ki ce ba. Maganin na mata masu haihuwa ne, ba na ɗaukar ko ɗaya. In ma likitan bisashe ya yi mata nashi, tatsa ɗaya zai yi miki. Safe da marece za ki riƙa kiranshi har damina? Sai dai ita ta aika da kanta."

"To me ya sa shekaranjiya da maza uku sunka taru kanta ba ta aika ba?"

Ta ce ai ranar wani saƙo anka aika, na tsoro. In dabba ta firgita, wani sinadari ke fita daga wajen ƙoda ya ce wa jiki a shirya gudu. Shi kuwa yana tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa hantsa, ko an saki na nono ba zai samu wucewa ba. Ta ce muryar Malam kaɗai ta isa ta rufe hanyar Buza.

Akwai na uku, kuma shi ya tsorata ni. Ta ce ƙwayoyin hantsa suna da tasu magana tsakaninsu, wadda ba ta bi ta jini, kamar maƙwabta ta kan katanga. In nono ya kwana ya yini ba a kwashe ba, akwai abin da ke cikin nonon da ke ce musu ya isa, a daina yi. In anka ƙara 'yan kwanaki haka za su ɗaure kayansu, ko ɗan ya dawo daga lahira ba nono sai wata haihuwa.

"To ga ɗan na ɗinka mata," na ce. "Ta gan shi, har ta yi mishi gunji."

"Da ido ta gan shi. Saniya da hanci take sanin ɗanta. Wari ma sinadari ne, Yaya, yana shiga hanci ya taɓa ƙwayoyin da ke da ƙofarshi. Saƙon yana jikin fatar. Kin sa sabulu kin wanke shi ruwa uku, kin aika mata da amarya."

Dariyarta ce ta jawo Inna. Ta shigo tana dogara sanda, ta ɗauki maraƙin ta shinshina, ta riƙe shi nesa da ita.

"Mi kinka yi mishi?"

"Na ɗan wanke shi, Inna."

"Na ce ki cusa ciyawa ki ɗinke. A ina kinka ji wanki?"

"Wari yake."

"Warin shi ne ɗan, ɗiyata. Sauran fata ce." Ta zauna bakin rumfa tana girgiza kai. "To. Mi ya rage gidan ga wanda ɗan ya taɓa, ba ki wanke ba? Igiyarshi?"

Na wanke.

"Buhun da ya kwanta bisa?"

Na wanke, na shanya, na ninke.

"Ƙasar turkenshi?"

Na share, na kwashe, na zuba sabon rairayi.

Ƙanwata ta ce, "Inna, wagga ko inuwa ta daɗe tsaye a gidan nan sai ta sha sabulu."

Muna cikin haka sai na tuna. Malam yana da wata rigar gona, shuɗiya a da, wadda yake ɓoye mini don ya ce wankina ke kashe mishi tufafi. Ranar da ya kai maraƙin wajen likita ita ce a jikinshi, kuma a kan cinya ya riƙe shi cikin amalanke, zuwa da dawowa, ɗan yana ta abin da mai zawo ke yi. Da ya dawo ban ga rigar ba. Amma na ji ƙarar murfin rumbu a lokacin da ba a ɗibar hatsi.

Ni da ban taɓa hawa rumbu ba tun ina amarya, na hau. Ƙanwata tana riƙe da tsani tana cewa in na faɗo ita haihuwa ta iya, ba ɗori ba. Rigar tana nan cushe ƙarƙashin murfi. Ban ma buƙaci ido ba.

Inna ta karɓa ta shinshina, fuskarta ta washe kamar an ba ta goro. Ta sa munka ɗauraye fatar da ruwa zalla don turaren ya fita, munka birkiɗa ta a ƙasar turken uwar. Sannan munka sa wa maraƙi riga. Wuyanshi ya fita ta wuyan rigar, munka ɗaure hannuwan a ƙarƙashin ciki. Inna ta jiƙa gishiri ta yayyafa a bayan. Maɓallan ta ce in bar su, ba su cutar kowa.

Bayan la'asar Malam ya dawo daga masallaci ya tarar da mu mu uku da na huɗunmu. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba rigata ba ce?"

"Ita ce, Malam."

"Me take yi a jikin mushe?"

"Aike za ta kai," in ji ƙanwata.

"Ke kuma da zuwanki. Ku cire mini riga."

Inna ta ɗaga sanda ta nuna mishi zaure. "Kai, tahi can ka zauna. Kada in ji ko tarinka. Na ga ranar da anka yi maka askin suna, ba za ka tsaya kaina kana faɗa ba."

Ya tahi. Yana gunaguni, amma ya tahi.

Inna ta kori kaji, ta ce wa masu leƙe ta katanga su sauka. Ta sa na zuba wa Jar 'yar dusa, na kawo ruwan ɗumi. Ita da kanta ta ɗauki maraƙin ta aje, ba daidai gaban uwar ba, ɗan gefe, inda ɗan yake tsayawa. Ta ce in tsuguna in riƙa shafa hantsar da ruwan ɗumin ina ɗan tura ta sama da dunƙulen hannu kamar yadda ɗa ke yi da kai. Kuma kada in buɗe baki.

Jar ta bar dusa ta juyo. Ta miƙa wuya daga nesa, ba ta manta jiya ba. Ta shinshina gefen rigar. Ta matsa ta shinshina gaban, inda abin ya fi yawa. Ta daɗe a nan. Ni ina ƙasa ba na ganin fuskarta, amma ina ji. Numfashinta da yake fita gajere-gajere tun kwana uku ya fara tsawo. Sai na ji harshe a kan tsumma, karaf, karaf. Sai gunjin nan ƙarami.

Maganganu sun kai goma a bakina. Ina so in ce wa ƙanwata kin ji, ina so in ce wa Inna Allah shi biya, ina so in ce wa Jar sannu. Na cije leɓe na ci gaba da shafa. A raina ina bin saƙon, ina cewa yanzu ya kai kai, yanzu an sake shi, yanzu yana wuya, ya wuce ƙirji, kada ka tsaya gaisawa da kowa. Ba a jima ba na ji kan nonon da yake yaushi a hannuna ya cika ya yi tauri. Na ja. Ya bugi gindin ƙwarya da ƙara.

Ban ɗaga kai ba sai da ya ɗauke. Rabin ƙwarya na samu, kuma na farkon ya yi kauri da ɗan gishiri, Inna ta ce a ba kare. Washegari safe da marece munka sake, ya ɗan ƙaru, ya yi fari tas. Ƙanwata ta koma aiki da kwalbar nono ɗaya a jaka, tana cewa ladan likita ne.

Ranar kasuwa da sassafe mai kora bisashe zuwa Buza ya yi sallama a ƙofa, da igiyarshi a kafaɗa, don Malam ya riga ya yi mishi magana tun ranar da ya yanke shawarar sayar da ita. Na ji Malam ya ce ya ɗan jira. Na ɗauki ƙwarya da ɗan mai riga na nufi turke. Ban waiwaya ba, amma na ji takalmin Malam ya zo ya tsaya bayan dangar kara, na ji yana riƙe numfashi. Jar ta lashi riga, na shafa, na jira, nono ya sauko. Ya wuce rabin ƙwarya. Bai kai na da ba, kuma bai taɓa komawa kamar na da ba a wannan goyon, gaskiya ɗaya ce.

Na dama hura nan take da nonon jiya da ya kwana, na kai mishi zaure. Ya sha, ya aje ludayi, ya sake ɗauka ya sha. Ya miƙa wa mai igiya sauran, ya ce mishi ya yi haƙuri, yau ba kora.

Da mutumin ya tahi ya dube ni.

"To, rigar fa?"

"Sai an yaye shi, Malam."

Ya shiga ɗaki ya sa rigarshi ta Juma'a ya tahi kasuwa shi kaɗai. Da marece ya dawo da buhun dusa a bayan moton haya, da ƙullin gishiri a aljihu. Ya aje mini gishirin a kan turmi ya ce in riƙa yayyafawa wajen kafaɗar rigar, don gabanta ya fara ɓulewa da lasa.